Ranar da Aka Kifar da Gwamnatin Malam Gide

Kowane shugaba a duniya tsoron juyin mulki yake yi. Malam Gide kuwa, ciyaman ɗin ƙungiyar 'yan acaɓa ta Ƙanƙara, roƙon Allah yake bayan kowace salla a yi masa.

Da can kujerar akwai daɗi: inuwar darbejiya, usur a wuya, lasifika a hannu. Amma tun da 'yan bindiga suka cika dajin da ya bi ta Faskari har Sabuwa, aikin ya sake. In suka kama ɗan ƙungiya, ba sa magana da kowa sai ciyaman, kuma sai ya je da ƙafarsa. Gide ya shiga dajin nan har ya daina ƙirge, amma bai saba ba. Duk shigar da zai yi, matarsa Rakiya ba ta iya cin abinci sai ya dawo.

Ya yi murabus, aka ƙi karɓa. Da zaɓe ya zo ya bi gida-gida yana ɓata sunan kansa. Ƙuri'a ɗaya ce tak ba ta zaɓe shi ba, ita ce tasa.

Sai ya tuna da Zailani, ɗan acaɓan da ya sha zuwa neman aikin soja ana koro shi saboda gajarta, har ya sayi kaki a gwanjo ya ajiye.

"Zailani, don Allah ka yi mani juyin mulki."

"Haba Malam, ni hwa ina ganin girmanka."

"Girman nan shi za ya kashe ni. Ranar kasuwa ka taho da kakinka. Zan ɗan yi gardama don mutunci."

Zailani bai tuna daji ba, kaki ya tuna. Gide da kansa ya koya masa jawabin, yadda ya riƙa ji a rediyo zamanin soja.

Ranar kasuwa da hantsi Zailani ya haye benci, wayarsa na busa badujala, ya fizge lasifika.

"Ya ku 'yan uwana 'yan acaɓa! An dakatar da tsarin mulki! An ruhe iyakokin tasha! Kowa ya zamna bisa babur nai!"

Gide ya manta da gardamar. Kafin a tambaya ya cire usur ya miƙa da hannu biyu. Aka yanke masa ɗaurin talala a gida, ya tafi yana godiya.

Bai taɓa jin daɗin rayuwa irin na ɗaurin nan ba. Ya yi barci har da munshari, ya gyara dangar awaki, wuyansa ya soma cikowa.

Ana nan sai saƙo ya fito daga daji. 'Yan bindiga sun yi Allah wadai da juyin mulkin. Sun ce su mutane ne masu bin ƙa'ida, ba sa hulɗa da gwamnatin da ba a zaɓa ba. Sun sa takunkumi: hanyar Faskari a rufe, kuma Harisu, wani ɗan ƙungiya da suka kama yana kai fasinja, ba zai fito ba sai an koma mulkin farar hula.

Zailani na jin haka ya tuɓe kakin a bayan masallaci, ya ce dama shi na riƙon ƙwarya ne.

'Yan acaɓa suka cika ƙofar gidan Gide da ƙarar ham ɗin babura, suka ɗauke shi a kafaɗa suna ihun dimokuraɗiyya ta dawo. Yana kuka wiwi, suna cewa ku dubi bawan Allah, murna ta yi masa yawa. Rakiya ta bi su da ido daga zaure.

A tasha ya tarar da mahaifiyar Harisu zaune a ƙasa tun safe. Ta ɗago ta dube shi kawai. Ya share fuska, ya tura babur wurin mai sayar da fetur.

"A cika tanki, Ciyaman?"

"A'a. Zuba na zuwa dai tukuna."