Gaisuwar Delou

Farantin shinkafa na tsakaninsu a inuwar ginin da suke yi a Dir'iyya, can ƙasar Larabawa, sai wayar Saidou ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Delou, mahaifiyarsa. Hannunsa duk maiƙo, don haka ya danna da ɗan yatsa, muryar ta fito fili, Moussa abokin cin tuwonsa yana ji.

“Saidou, alƙalin Maraɗi ya kori ƙara. Wai babu shaidar an zage ni. Gonar ma sun sa garma.”

Saidou ya tsayar da saƙon.

*

Bara ne baban Moussa ya tare Delou a bakin gonar da mijinta ya bari, ya ce mata a gaban jama'a, “Yaushe baiwa ta fara gadon ƙasa?” Kakannin su Moussa ne suka sayi kakanninta, ita kuwa ta gaji sunan. Moussa na gida hutu a lokacin, a kunnensa aka yi. Shi da bakinsa ya kawo wa Saidou labarin, har da rantsuwar kunya ta hana shi barci. Wannan rantsuwa Saidou ya riƙe, ya ce wa tsohuwa ta kai ƙara, yana da mai shaida. Ashe dogaron banza ya yi, ga ɗaki ɗaya, ga kafili ɗaya da ya ɗauke su aiki, ga faranti ɗaya.

“Da lauya ya kira ka, me ka ce masa?” Saidou ya tambaya a hankali.

Moussa ya daɗe yana murza shinkafa. “Na ce iska ta yi yawa, ban ji ba.”

“Iska.”

“Wallahi a nan duk ɗaya muke, ɗan'uwa. Amma ubana ne. Takardar iƙama in ta ƙare, gida zan koma.”

Saidou ya ji baƙin ciki, don shi ya tura tsohuwa gaban alƙali. Ya danna sauran saƙon, ko zai ji ta yi kuka, ko ta yi Allah ya isa.

Muryarta lafiya lau. “Ka yi haƙuri, kada ka yi faɗa a ƙasar mutane. Ka gaishe mini da Moussa, ɗan ubangijinmu.”

Babu wanda ya ɗaga kai. Shinkafar ta huce a tsakaninsu.