Suhaila a Kan Ƙanƙarar Fari

Asiya tana juya masa a tanda, a gidanta da ke Makka, wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani, ta ɗauka. Suhaila ce, 'yarta, daga wani dutse a gabashin Turkiyya. Ba ta ko yi sallama ba, sai ta juya kyamara waje.

Dutsen da Asiya ta saba gani ja in sun yi waya, duk tsakuwa, ya koma fari fat. Dusar ƙanƙara ta rufe rufin masauki da motoci, kuma tana ci gaba da zuba.

"Ummi, talj, ƙanƙara," in ji Suhaila. "Ta sauka. Sun ce za a yi gasar bayan azahar."

Suhaila ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani asibiti a Makka. A Dubai ta koyi wasan zamiya, cikin wani ɗaki mai ƙanƙarar inji, abin ya shiga ranta har ta fara zuwa gasa. Bara ta faɗi ta ji ciwo a gwiwa. Bana ta ɗauki hutu ta tafi gasar buɗe kakar wasa, amma ƙanƙara ta ƙi zuwa, ta injin ma narkewa take yi da rana. Jibi hutunta zai ƙare. In ba ta yi wannan gudun ta kai ƙarshe ba, ƙungiyarsu za ta ba wata gurbinta.

"Ƙasan fa?" Asiya ta tambaya. "Ba duwatsu?"

"Akwai a gefe. Sabuwa ce, tana da laushi, ni kuma ina cikin na ƙarshe. Kafin a zo kaina hanyar ta zama ramuka."

"To, ki bi a hankali."

"Ummi, ba a bi a hankali," in ji Suhaila tana dariya.

Masar da ke tanda ta ƙone. Asiya ta kwashe ta zubar, ta sa wata.

Bayan azahar Mukhtaru, mijinta, ya dawo daga garejin bas. Ta gaya masa. Ya zauna a bakin ƙofar falo, ya juya wa talabijin baya.

"Halas, ni ba zan kalla ba. Na ga ta bara, ta ishe ni."

Maƙwabciyarsu Fatsuma ta shigo karɓar masarta, sai ta zauna da robar a cinya. Asiya ta haɗa wayar da talabijin. 'Yan mata suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna lanƙwasa tsakanin sanduna ja da shuɗi. Wata ta zame ta kasa zagaye sanda, aka cire ta. Wata ta faɗi, ƙanƙara ta tashi kamar gari.

"Wannan kuma wasa ne?" in ji Fatsuma. "Ya Sattar."

Sai sunan Suhaila ya fito a ƙasan allo. Asiya ta gane ta da koriyar hula. Ta tura kanta ta sauko. Sandunan farko ta wuce su lafiya. A tsakiyar gangaren ƙafarta ta dama, mai ciwon, ta faɗa rami, jikinta ya karkace har hannunta ya shafi ƙasa.

Fatsuma ta saki robar.

Suhaila ta miƙe a kan ƙafa ɗaya, ta dawo da ɗayar, ta zagaye sandar gaba da ƙyar. Daga nan ba ta ƙara tangaɗi ba har ta tsallake jan layi, ta tsaya, ta ɗaga sandunan hannunta sama.

"Ta kai," in ji Mukhtaru. Yana tsaye a bayansu, ba wanda ya san lokacin da ya taso. "Wallahi ta kai."

Fatsuma ta rangaɗa guɗa, masa a warwatse a kan darduma.

Da Suhaila ta kira, hancinta ja, numfashi sama-sama. Ba ta zo kusa da na ɗaya ba, amma gurbinta ya tabbata.

"Mabruk, ya binti," in ji Mukhtaru. "Gwiwar fa?"

"Tana nan, Baba. Wata mai zuwa akwai babbar gasa a nan. Iyayen kowa suna tsayawa a bakin layi. Na san akwai nisa. Ga sanyi."

Bayan la'asar Asiya ta yafa abaya ta fita kasuwar Zahir. Rana na dukan kwalta, na'urorin sanyaya shaguna na ɗigar da ruwa a gefen hanya. Ta shiga shagon tufafi ta ce a nuna mata rigar sanyi mafi kauri.

Mai shagon ya ciro wata ta ulu. "Ɗa'if za ki hau shan sanyi, Hajiya?"

Ta murza ta da yatsu, ta mayar masa.

"Wannan ba za ta yi ba. Duba ciki. Kuma guda biyu nake so, ɗaya ta maza."