Ranar Da Na Faɗi Sunansa

Ni na fara gani, tunda ni ce mai wanki. Ɗigon jini a gaban wandonsa, ya bushe ya yi baƙi. Na cuɗa da sabulu, na shanya, na ja bakina na yi shiru. Mako ya zagayo, ga shi nan kuma.

Ɗana ne na fari, shekararsa goma sha biyar. A ƙauyenmu da ke gefen Sandamu, uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kama sunansa, ba ta tambayar ko ya ci abinci, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka aka yi mini, haka na yi masa. Tun daga yaye kakarsa ta ɗauke shi, sai da ta rasu ya dawo hannuna, ya dawo kamar baƙo. In zan aike shi sai in ce, “Kai, wannan.”

Da abin ya ishe ni, na tari maigidana yana alwala.

“Malam, yaron nan fa fitsarin jini yake yi.”

Ya yi dariya. “Tsargiya ce. Wane namiji ne a garin nan bai yi ta ba? Girma ne ya zo masa.” Sai ya ɗago ya dube ni. “Kubura, yaushe kika fara zancen ɗan fari? Ko kunyar ma ta ƙare a duniya?”

Da wannan ya rufe mini baki. Shekara ta uku ke nan da ƙaddamar da Shari'a, Malam kullum kunnensa na jikin rediyo, komai sai ya auna shi da hukunci. Ya ce tunda alamar balaga ta fito, alƙalami ya hau kan yaron, bana azumi talatin zai yi cif.

Azumin kuwa ya faɗo a tsakiyar kaka, ana yankan dawa. Yaro ya fita gona da sassafe, ya dawo yana jan ƙafa. Ina kallonsa ta wutsiyar ido. Leɓensa ya yi fari, tafin hannunsa ya koɗe. In ya ɗauki buta ya zagaya, ina jin nishinsa daga bakin murhu, ni kuma sai in ƙara wa tukunya wuta don kada a ce na ji. Iyakar abin da na iya shi ne in ƙara masa zogale a kwano, in ba wa ƙanwarsa Ikilima ta kai masa. Wallahi na gaji a watan nan. Ba daka ko surfe ne suka gajiyar da ni ba, yin kamar ban gani ba ne.

Ran sha bakwai ga azumi, da hantsi, Hamma ƙanin Malam ya shigo da shi a kan amalanke. A gona ya yanke jiki ya faɗi. Malam ba ya nan, ya kai rago kasuwar Mai'adua. Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika gidan, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce a kawo garwashi a yi masa hayaƙi. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗaki kamar wadda ta zo kallo, don nan ne wurin da al'ada ta ajiye ni.

Sai na ga idonsa ya juya. Ban san lokacin da na zari hijabi ba.

“Hamma, je ka tsayar mana da motar Daura.”

“Yaya Kubura, da kin bari Malam ya dawo.”

“In ya dawo ya iske mu can.”

Na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa, “Oh, duniya. Ɗan fari ne fa.” Na juya na ce, “Iya, in kunya magani ce, ga shi nan kwance, ku ɗura masa.”

A asibiti suka kwantar da shi, suka sa masa ƙarin ruwa, suka gwada fitsarinsa da jininsa. Hamma ya fita sallar azahar, ya bar ni ni kaɗai a bakin gadon. Malamar asibitin, wata gajera mai faɗa, ta dawo da takarda a hannu.

“Yana wanka a kududdufi?”

“Duk yaran garinmu can suke yi da damina.”

“To, a can ya kwaso ta. Ƙananan tsutsotsi ne a cikin ruwan, ta fata suke shiga. Ba wata balaga, ciwo ne, ga shi ya shanye masa jini. Tun yaushe kuka gani?”

“Tun farkon damina.”

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. “Maganin nan ƙwayoyi ne kaɗan, sau ɗaya ake sha. Wata biyar kina gani, baiwar Allah?”



Ta zaro biro. “Zai tashi, in Allah ya so. Amma ba shi ba azumi sai jininsa ya dawo. Ba a buɗe masa kati ba, mene ne sunansa?”

“Ɗana ne.”

“Na ji ɗanki ne. Suna nake tambaya, ina da marasa lafiya suna jira.”

Na waiga ƙofa, babu Hamma. Shekara goma sha biyar sunan nan yana cikin bakina ban taɓa bari ya fito ba.

“Ya'u,” na ce.

Ashe ya farka. Ya ce, “Na'am,” a hankali, yana neman wanda ya kira shi. Ya dubi malamar, ya dubi ƙofa, ya dubi mutumin da ke gadon kusa. Ni da ke zaune dab da kansa bai ko kalli inda nake ba. Bai taɓa jin sunansa da muryata ba.

Na kama hannunsa, a gaban kowa. Na ce, “Ni ce, Ya'u.”