Jifa Ɗari, Hutun Kwana Huɗu

Tamimu bai taɓa gane kan wasan besbol ba, bai kuma ɓoye ba. Direban tasi ne, haifaffen zongon Kumasi, shekararsa ashirin a ƙasar waje, a unguwar Concourse Village. Abin da ya sani kawai, ɗansa Abdul-Samed ne mai jifa a ƙungiyar sakandarensu, kuma in ya saki ƙwallo, mai riƙe da kulki sai dai ya daki iska. A kakar wasan 2014 wasa takwas yaron ya yi, ya ci bakwai. Wata jami'a ta ce za ta turo mutum a watan Yuni ya gan shi, in ya yi musu, karatu kyauta.

Dokar kocin ƙungiyar ce ta tsaya wa Tamimu a rai: jifa ɗari, sannan hutun kwana huɗu. Hutun me? Mutumin da ke awa goma sha biyu a kan sitiyari bai ga abin wahala a jifan ƙwallon da bai fi lemo nauyi ba. Sai ya sa ɗan nasa a wata ƙungiya ta biyu a unguwar Harlem, Asabar da Lahadi, ba da sanin koci ba. Matarsa Fusena ta yi magana, ya ce mata sai an sha wuya akan sha daɗi. Ta ci gaba da shafa wa ɗanta man kaɗe a gwiwar hannu.

Saura kwana tara baƙon jami'a ya zo, a filin Harlem, Abdul-Samed ya yi wani jifa da ya tafi can gefe, ya durƙusa ya rungume hannunsa. Likita ta ce jijiyar gwiwar hannun ta tsinke, sai tiyata, sai shekara ɗaya da rabi ba jifa. Ta tambaye shi tun yaushe yake jin ciwo, ya ce tun Afrilu.

Suna shiga mota Tamimu ya fashe da faɗa.

"Tun Afrilu? Kai, kullum ka dawo ba na tambayar ka? Kullum sai na ce maka ina gajiya!"

Abdul-Samed yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa. Ya ce, "Baba, ina ɗan shekara biyar Kawu Moro ya ce mini ina gajiya, na ce na gaji, ka ja mini kunne. Ka ce amsar guda ɗaya ce, ba gajiya."

Ashe wata biyu cur Tamimu yana gaisuwa, yana zaton tambaya yake yi. Nadama ta kama shi har ya kasa tayar da motar. Can ya tausasa murya.

"To yanzu yaya hannun?"

Abdul-Samed ya dubi hannun da ke rataye a wuyansa, zufar azaba na tsattsafo masa a goshi. Wannan karon da Hausa ya amsa.

"Da sauƙi, Baba."