Ɗigon Farin Fenti

Muna cikin sauke sabon giyabos ɗin daga bayan motar kaya, mai shagon unguwarmu yake cewa ai tsohon nan a zamaninsa ya taɓa tsallake kogi da jif ɗinsa, ruwa har sitiyari. Mai wanki ya ce shi ba haka ya ji ba, da igiya aka jawo su shi da motar. Wani ya ce direban masu haƙa rijiya ne, wani ya ce a'a, na masu awon ƙasa. Shi kuwa wanda ake maganar yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, yana faɗa kada mu kuskura mu yada masa ƙarfe kamar buhun gawayi. Kowa Mai Jif yake kiransa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Ni tela ne. Shagona yana kallon ƙofar gidansa, duk wanda ya shiga ko ya fita sai ya gifta ta gaban kekena. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga makarantar manya, shi ya sa yake kirana ɗan makaranta. Da idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa lambobin da ke jikin ƙarafa. Ya iya magana, ni kuma na iya zama, a haka muka shaƙu.

Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, an ɗage ta a kan kututture, koren fentinta ya koɗe. Ya ce injinta lafiya lau yake. Abin da ya gaji shi ne hanyar da ƙarfin inji ke bi ya isa tayoyi: kuloci, da giyabos, da ƙaramar giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, da furofela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashi. So yake ya sabunta su duka da hannunsa, ya fita da ita ta ƙofar nan ko sau ɗaya.

Yana da yadda yake aiki. Kafin ya raba ƙarfe biyu sai ya tsoma tsinken tsintsiya a farin fenti ya ɗiga wa kowanne, ɗigo yana kallon ɗigo. Abin da ya kwance kuma ya jera shi a kan tamfol daga dama zuwa hagu. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa ɗaura abu ɗigonsa ya saɓa ba.

Ciwon zuciya ke damunsa, ƙafafunsa suna kumbura, don haka wasu safiyoyin matarsa takan raka shi asibiti. Wata safiya bayan fitarsu na ga ɗansu, Dogo, ya buɗe ƙofar da mabuɗi. Dogo bakanike ne, yana da garejinsa a wata unguwa, amma uban bai yarda ya taɓa jif ɗin ba. Yakan ce su bakaniken yanzu sai sun tambayi kwamfuta kafin su san taya ta sace.

Wajen hantsi Dogo ya tsallako shagona yana goge hannu da tsumma. Ya ce Baba ya juya farantin kuloci baya ya koma gaba, notunan furofela kuma da yatsa ma ana kwance su. Idan ya hau titi a haka, sandar za ta iya faɗowa ta caki ƙasa ta kifar da motar. Uwarsa ce ta ba shi mabuɗin, saboda ta ga aikin ya fara fin ƙarfin tsohon. Na tambaye shi me ya hana ya gaya masa.

"Kawu, mutumin da ya koya mini riƙe safana zan kalla in ce masa ya juya faranti?"

Ya roƙe ni in yi shiru. Na yi.

Shi Dogo ba ya aiki da ɗigo. Ya ɗaura komai yadda ya dace, bai ko dubi fentin ba. Washegari ina zaune a kan benci kusa da motar, Mai Jif ya fito daga ƙarƙashi a hankali, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce ɗigon furofela ya saɓa, ɗaya yana sama ɗaya yana gefe, shi kuwa ya tuna sarai ya haɗa su. Ya yi dariya, ya ce tsufa ya zo gaisuwa. Ya kwance ya sake ɗaurawa, ya yini a kai.

Da na gaya wa Dogo, sai ya ce zai gyara. Gyaran da ya yi shi ne, a zuwansa na gaba, ya goge ɗigon uban ya ɗiga nasa daidai da daidai. Amma da buroshi ya yi, ɗigon ya fito babba, a mulmule. Kuma da yake hannunsa ba ya iya ganin aiki ya bari, ya ɗauki wani boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki, da ke kan tamfol ya sa shi a mazauninsa.

Wannan karon Mai Jif bai yi dariya ba. Ya ce wannan ɗigon ba irin nasa ba ne, amma in ba shi ba wa zai ɗiga? Ya nuna mini gurbin da ke kan tamfol, ya ce jiya a nan ya bar boris, yau ga shi a ciki, an sa masa giris, an ɗaure da kyau. Ya juyo ya dube ni.

"Ɗan makaranta, kai kana ganin ƙofar nan. Ni ne nake yin aiki ban sani ba?"

Na ce masa gajiya ce, ya rage yawan sunkuyo. Ya gyaɗa kai kamar wanda likita ya gaya wa sakamako.

Daga nan abin ya bar mota ya shiga gida. Yakan tambayi matarsa ko ya sha magani, in ta ce ya sha sai ya ce ta nuna masa. Yakan idar da salla ya sake tayarwa. Ya daina zuwa shagon unguwa shi kaɗai, wai kada ya ɓata a hanya, hanyar da ya fi kowa sani. Likita ya ce masa kansa lafiya lau, zuciya ce kawai. Ya dawo ya ce mini likitan yaron kirki ne, ba ya son ya tsorata shi. Ya daina ba ni labarin daji. Ya ce bai san wanne ya faru ba, wanne ya ƙirƙira.

Na sami matar da ɗan a zaure na ce a gaya masa. Ita ta ce in ya ji an raina aikinsa, wannan zai fi kayar da shi. Dogo ya ce a bari a ƙarasa motar, ranar da ta tashi sai ya faɗa masa komai a cikin farin ciki. Ni ban san wanne ya fi ba. Abin ma da ya ƙara rikita mu, wata rana muka tarar an ɗaura sandar ƙaramar giya, Dogo ya rantse ba shi ba ne. Matar ta ce ba ta ga tsohon ya fita tsakar gida ba. Muka tsaya mu uku muna kallon sandar. Har yau ban san wanda ya ɗaura ta ba.

Ba a jima ba ya sa aka rufe motar da tamfol, ya kwanta. Nakan shiga bayan azahar in zauna a kujerar da ke gefen gadon. Ɗakin yana warin man zafi, kwalaben magani a jere a kan taga. Wani lokaci ya yi magana, wani lokaci mu zauna kawai.

Ina zaune a nan ranar da Dogo ya gama motar. Muka ji injin ya yi tari ya kama. Muka ji an sa giya, ta shiga ba ƙara, motar ta matsa zuwa ƙofa ta dawo da baya, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin tayoyi. Mai Jif ya buɗe ido, ya saurara har aka kashe.

"Ta tashi," in ji matarsa. Tana ƙoƙarin murmushi.

"Ashe na gama ta?" ya ce. "Yaushe?"

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum irin na ranar ba. Ya dubi hannuwansa a kan mayafi, ya juya su, sannan ya mai da fuskarsa bango.

Dogo ya shigo da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a yi murna. Uwarsa ta girgiza masa kai. Ya daɗe a tsaye. Numfashin tsohon ya canza, yana ja da nisa, yana tsayawa, yana dawowa. Ni da matarsa har yau ba mu daidaita ba a kan ko ya ji abin da Dogo ya faɗa masa daga nan. Ita ta ce da sauran ransa a lokacin, ta ga kafaɗarsa ta motsa. Ni ina kusa da kansa, ban ga komai ba.

Dogo ya durƙusa a gaban gadon. Ya miƙa hannu zai riƙe na uban, ya ga man da ke jikinsa, ya tsaya da hannun a sama, bai taɓa farin mayafin ba.

"Baba, ba kai ba ne. Kanka lafiya lau yake. Ni ne nake shigowa in ba ka nan. Baba, ka yafe mini."