Ɗakin Furannin Hajiya

A durƙushe na same shi, da auduga a hannu, yana goge ganyen fure ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jinjiri wanka. Mijina ke nan, direban gidan manya, wanda bai taɓa sanin inda ake rataye tawul ɗin 'yarsa ba. Ta bayan bango Auta na ta tari, irin tarin nan da ke ƙarewa da fito a ƙirji.

"Baban Auta, numfashin yarinyar nan fa ya soma yin sama-sama."

"Ki ba ta abin shaƙarta mana," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Kuma ja ƙofar nan, kina shigo musu da warin ɗakinku."

Ɗakinku, wai. Gidan hayar namu ɗaki biyu ne. Na gaba yana da taga, rana kan leƙo da safe. Na ƙurya kuwa jingine yake da banɗakin maƙwabta, bututunsu ya fashe tun kafin mu tare. Kullum bangon a jiƙe, baƙar fumfuna ta hau shi har ta kusa silin. Takalmi ya kwana biyu a ciki sai ya fitar da gemu. Ni da nake ɗinki, a leda nake ɗaure yadin mutane.

Likita ta faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa ƙirjin Auta ba ya son danshi, a kwantar da ita inda iska ke shiga. Shi ya sa katifarta take gindin taga, har ranar da Hajiya, matar ubangidansa, ta tashi tafiya ganin jikoki. Tana cikin mitar cewa masu aikinta sun iya kashe fure, gogan naku ya tsoma baki daga mazaunin direba, ya ce shi zai riƙe mata. Ba wanda ya tambaye shi. Da yamma sai ga tukwane reras a kan benci gindin taga, katifar Auta kuma a ƙurya.

Okid ake ce wa furen. Tsiro ne mai iyayi: ba ya zama a ƙasa sai a ɓawon itace, saiwoyinsa a waje. Ba ya son rana tsaye, ba ya son duhu. Ba ya son ƙishi, kuma ruwa ya kwanta masa a wuya sai ya ruɓe. Na ce lallai ya ɗauko halin mai shi.

* * *

Ba a daɗe ba baƙin tabo ya fito wa wasu ganyaye. Ranar na ga tashin hankali. Mutumin da aka taɓa kiransa daga asibiti saboda Auta ya ce yana kan hanya da ubangidansa, shi ne yau ya kasa cin abinci. Ya ɗauki hoto ya tura wa Hajiya. Da saƙon muryar Hajiya ya shigo, a tsaye ya saurara, har da cire hula, yana ce wa waya "To, ranki ya daɗe."

Fumfuna ce, in ji ta, iska suke so. Kafin la'asar ya shigo da sabuwar fanka mai tsaye, irin wadda na roƙa wa Auta har bakina ya gaji. Ya yanke tabon da sabuwar reza, ya kwashe min kirfa a kicin ya barbaɗa a miki.

Sai mai gidan hayar. Wannan bawan Allah na yi masa sintiri a kan bangon ƙurya har takalmina ya suɗe, kullum amsarsa ɗaya, wai kowane gini yana gumi. Amma da ya ji furannin matar wane ne a gidansa, washegari ya iso da magini, yana ta kumbura cikin babbar riga. Ɗan danshin da ke kusurwar ɗakin gaba, wanda tafin hannu zai rufe, aka kankare aka shafe aka yi fenti.

Na tare shi a ƙofa. "Alhaji, tunda ga magini, a leƙa na ciki mana. Nan yarinya ke kwana."

Ya leƙa daga nesa da hankici a hanci. "Ku ne ba kwa buɗe taga."

"Wace tagar?"

Ya duba bango ya duba bango. "To, ku dinga buɗe ƙofa."

Na kalli mijina ko zai ce wani abu. Yana can yana nuna wa magini yadda ake riƙe tukunya.

* * *

Da muka dawo daga asibiti karo na gaba, inda nas ta wanke ni tas a gaban mutane kan makwancin Auta, na ja katifar Auta na mayar gindin taga. Ya shigo ya gani, sai ya koma lallashi.

"Haba Maman Auta, furannin nan fa sun fitar da kara, sun kusa buɗewa. Ta miƙa hannu cikin barci ta karya ɗaya, ina zan sa kaina? Kwana nawa ya rage? In Hajiya ta ji daɗi, wallahi ɗakunan bayan gidansu ma sai ta ba mu."

Na san zancen banza ne. Amma na tuna busasshen bangon gidan nan, sai na ja katifar na mayar ƙurya da hannuna.

Suka buɗe kuwa, farare tas da ɗan shuɗi-shuɗi a tsakiya. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kuma ban taɓa tsanar abu mai kyau haka ba.

Ranar da Hajiya ta dawo ya jera su a mota ya tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Auta ba ta jira ni ba. Ta rungumo matashinta ta ajiye gindin taga, ta kwanta rigingine, fanka na kaɗa mata gashi.

"Umma, ji," ta ce, ta ja numfashi. "Babu fito."

Da yamma muka ji hon. Ya shigo baki har kunne, tukunya a kowane hannu.

"Hajiya ta ce hannuna da albarka! Ta ce ɗakin nan ya karɓe su. Duk wanda ya soma ciwo nan za a dinga kawo shi jinya, har na ƙawayenta. But ɗin mota cike yake, zo ki kama min."

"Ɗakunan bayan gida fa?"

"Ai ba a yi wa manya gaggawa." Ya dubi ƙasa. "Auta, tashi mana uwata, kada ki ture min."

Ta tashi. Ta ɗauki matashinta ta tsaya a bakin ƙofar ƙurya. Ya gyara wa fanka tsayuwa, ta shiga juya kai daga wannan tukunya zuwa waccan. Duk sanda ta kusa kallon inda Auta take, sai ta yi ƙas ta koma.