Ranar da Lachlan Ya Bi Hagu

A inda katangar duwatsu ta ƙare hanya ta rabu biyu, nan Lachlan ya tsaya cak. Sauran 'yan tafiyar suka taru a bayansa suna haki, numfashinsu na fita fari-fari. Lokacin kaka ya yi nisa, sanyi ya shigo. Ciyawar tsaunin duk ta koma kalar tsatsa, hazo mai laima kuma ya fara gangarowa yana haɗiye tumakin da ke kiwo a sama.

Matarsa Elspeth ta ga yadda yake kallon hanyoyin. Irin kallon da ya yi wa butar shayi ne kwanakin baya, da ta same shi a kicin riƙe da ita, bai san me ake yi da ita ba.

Shi ya kafa ƙungiyar nan ta masu yawon tsauni tun suna da baƙin gashi. Kowace Lahadi shi ne a gaba, ko taswira ba ya buɗewa. Ranar da likita ya faɗa musu abin da ke cin ƙwaƙwalwarsa, abu ɗaya ya roƙe ta a cikin mota: kada 'yan tafiya su ji. Ta yi masa alkawari.

"To, shugaba, bas muke jira ne?" in ji Rab, abokinsa tun suna makaranta, wanda ya yi masa babban aboki ranar aurensu. "Ƙafafuna sun fara daskarewa."

"Da ka rage ci, da jini ya samu hanyar isa can," Lachlan ya ce. Aka kwashe da dariya. Ya ɗaga sandarsa ya nuna hagu. "Nan za mu bi."

Dama ce hanya. Elspeth ta sani. Hagu fadama ce, gaba da ita kuma kwazazzabo, wanda a cikin hazo sai ka kai bakinsa kafin ka gan shi. Ta buɗe baki. In ta yi magana, ta tsiraita shi a gaban mutanen da suke ganinsa da daraja. In ta yi shiru, ga tsofaffi biye da shi. Tana cikin wannan har ya yi gaba, aka bi shi, ita ma ƙafafunta suka bi.

Ƙasa ta fara laushi. Hira ta mutu, sai ƙarar takalma a cikin taɓo. Can Moira, wadda ta fi kowa shekaru, ta nutse har gwiwa, sai da mutum biyu suka ciro ta. Lachlan bai ko waiwaya ba. Ya ƙara 'yan taku, ya tsaya, ya juya nan, ya juya can. Ya zaro taswira daga aljihun rigar ruwansa, ya riƙe ta a kife. Ko'ina fari fat. A wani wuri ƙasa da su ana jin ruwa yana zuba da ƙarfi.

"An canja wurin nan," ya ce a hankali. "Wani ya canja wurin nan."

Babu wanda ya kalli wani.

Sai Rab ya dafe gwiwarsa ya saki ƙara. "Wayyo! Lachie, ka yi mini rai, gwiwar nan ta ƙi. Mu koma ta bin katanga. Bari in shige gaba, don in kai ne a gaba, gudunka kashe ni zai yi."

"Ragon banza," Lachlan ya ce, amma muryarsa ba ƙarfi. "To, wuce."

Rab ya wuce yana ɗingishi. Da suka yi ɗan nisa, ya manta, ya koma ɗingishi da ɗaya ƙafar. Elspeth ta gani. Moira ta matso ta saƙala hannu a nata, wandonta jiƙe sharkaf.

"Tun bazara muka gane, 'yar'uwa," ta raɗa mata. "Mun ce mu bar shi a gaba har iya inda zai iya. Yau ma shiru muka yi, kowa na jiran wani ya fara."

Elspeth ta matse hannun.

Suka samu katangar, suka bi ta suna gangarowa. Hazon ya fara yayewa, rufin gidajen ƙauyen ya bayyana a tsakanin bishiyoyi masu jajayen ganye. Lachlan ya dawo can baya kusa da ita, inda bai taɓa tafiya ba. Fuskarsa ta saki, har yana ɗan fito. Ta gyara masa hularsa da ta karkace, ya bar ta.

Ya daɗe yana kallon bayan Rab, sannan ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Elspeth, wancan mai ƙibar ya san tsaunin nan fa. Wane ne?"

"Rab ne," ta ce.

"Rab." Ya jinjina kai, yana juya sunan a bakinsa. "Da alama mutumin kirki ne. Ki ce masa ya sake zuwa Lahadi mai zuwa."